Garin gyaran gira: abin da na gani bayan aikin leza a ƙasan idona

Kumburin ƙasan ido a gidanmu gado ne. Mama tana da shi, ƙanwarta tana da shi, ni kuma ya fara leƙo ni tun ban cika shekara 35 ba. Da fari da safe kawai yake tasowa, kafin hantsi ya saɓe. Ina shiga 42 ya samu wurin zama, dare da rana, kamar an cusa mini auduga a ƙarƙashin kowane ido. Ba ciwo, ba ƙaiƙayi, ganina kuma ras. Tambayar mutane ce ta ishe ni. Ba ki samu barci ba ne? Kuka kika yi? Ranar da na yi barcina na ƙoshi, na shiga wurin aiki da fara'ata, wata abokiyar aikina ta ja ni gefe tana raɗa wai ko ni da maigidan ne, ranar na ce to, an zo wurin.

Kafin nan babu abin da ban gwada ba. Ƙanƙara, rage gishiri, mayuka iri-iri masu ƙananan kwalabe da manyan alkawura. Har gwajin ƙoda da na tayirod, wato halittar nan da ke gaban wuya mai kawo maƙoƙo, na yi, don su ma suna kumbura fuska, sakamako ya fito lafiya lau. Sai daga baya na gane abin da ya sa duk wahalar ta tashi a banza: kitse ne a wurin. Ƙwayar ido tana zaune a gurbinta ne kitse ya tallafe ta kamar matashi, kuma a fatar ido ta ƙasa kitsen ya kasu ƙulli uku, ɗaya ta wajen hanci, ɗaya a tsakiya, ɗaya ta wajen kunne. Wani siririn tantani ne ke tare su. Idan shekaru suka ja, ko mutum ya gaji tantani mara ƙarfi, sai ya saki, kitsen ya turo gaba. Man da zai mayar da shi ciki ba a yi shi ba tukuna.

Kalmar leza ce ta ruɗe ni. A tunanina fitila ce za a haska mini, kitsen ya narke, in ɗauki jakata in koma gida. Wurin da na fara zuwa, wani gidan gyaran fata, su ma a haka suka bar ni. Ba wanda ya tambaye ni ko ina shan wani magani, ba wanda ya taɓa fatar idona, sai hotunan fararen mata da aka yi ta nuna mini a waya, kafin aiki da bayan aiki. Da na tambayi wa zai yi aikin, sai aka fara kame-kame. Na yi godiya na fito.

Na biyun likitan ido ne da ya ƙware a tiyatar fatar ido, kuma shi ya fara wanke mini kai. Ya ce Hajiya, aiki biyu ne mutane ke haɗawa da suna ɗaya. Na farko tiyata ce sosai: a janyo fatar ido ta ƙasa, a tsaga ta ciki, wato jan naman da ke manne da ido, a kai ga kitsen a rage shi. A nan leza wuƙa ce kawai, amfaninta shi ne tana yanka tana toshe ƙananan jijiyoyin jini, don haka jini ba ya zuba sosai. Ya ma ce bi ta cikin ido ya girmi lezar da shekara 40, don wani likitan Faransa mai suna Bourguet ya bayyana hanyar tun 1924, ita kuwa lezar CO2 da ake aikin da ita sai a 1964 Kumar Patel ya ƙirƙiro ta a Amurka. Na biyun kuma ta waje ne: a bi fatar ƙasan ido da lezar a ƙona saman ta da gangan, don idan ta warke ta ɗame, ƙananan tamoji su ragu. Hasken wannan leza ruwa ne ke shanye shi, naman mutum kuma yawancinsa ruwa ne, shi ya sa duk inda ta sauka ruwan wurin ke tafasa nan take ya tashi tururi. Ƙuna ce dai, amma wadda aka auna.

Ya daɗe yana duba ni. Ya sa na rufe ido ya danna ƙwayar a hankali, kumburin ya ƙara turowa, ya ce ga shaidar kitse nan. Ya kama fatar idona ta ƙasa da yatsu biyu ya ja ya saki, yana kallon saurin komawarta. Ta dama ta ɗan yi nawa, ya rubuta. Ya maƙala mini wata 'yar siririyar takarda a gefen kowane ido na minti 5 don ya ga yawan hawayen da nake yi, ya ce ina bakin iyaka, idona ya kusa shiga sahun masu bushewa. Sai tambayoyi. Hawan jini, ciwon suga, sigari. Ko ina shan asfirin ko ibuprofen ko wani maganin tsinka jini, don sai an dakatar da su kwanaki kafin aiki, da sanin likitan da ya rubuta su. Ko ƙurajen nan masu ruwa suna fito mini a leɓe idan na yi zazzaɓi, don ƙwayar cutar da ke kawo su tana kwance a jijiya, zafin leza na iya tayar da ita ta bazu a ɗanyar fata. Suna fito mini, don haka ya rubuta mini maganin rigakafi in fara tun ana gobe aiki. Ko na taɓa shan maganin ƙurajen fuska mai ƙarfi da ake kira isotretinoin. Ko miki a jikina yana warkewa da tabo mai tudu.

Daga nan ya zo kan launin fata, kuma a nan ne na toshe kunne. Akwai wani ma'auni da likitan fata Thomas Fitzpatrick ya fitar a 1975, wanda yanzu ya raba fatar mutane gida 6, daga wadda rana ke ƙonawa nan da nan zuwa baƙa wuluk. Ni ya sa ni a ta 5. Ya ce daga ta 4 zuwa sama, fata tana mayar da martani ga zafi ta hanyar zubo baƙi, kuma shawararsa a yi na cikin kawai a bar na wajen. Ni kuwa na riga na ƙudurta. Na ce tunda an shiga ai gara a gama gaba ɗaya, kada a cire kitse a bar ni da fata a yamutse. Muka yi ta ja, daga ƙarshe ya yarda zai yi mai sauƙi, irin wadda ke huda ɗigo-ɗigo tana barin lafiyayyar fata a tsakani, kuma ya sa na rubuta da hannuna cewa an gaya mini haɗarin. Ban ga laifinsa ba har yau.

Takardar amincewa shafi uku ce. Na kai ta gida, Yaya ta karɓa tana karantawa da tabarau a kan hanci, har ta iso layin da aka rubuta makanta. Ta ajiye takardar ta ce, ke, garin gyaran gira za ki rasa ido? Na yi dariya amma cikina ya ɗuri ruwa. Washegari na koma na tambaya. Likita bai ɓoye ba. Ya ce idan wata jijiya ta ɓalle a can bayan ido bayan an gama aiki, jinin ba shi da hanyar fita, don gurbin ido ƙashi ne ta kowane gefe sai gaba. Jinin zai taru ya matse jijiyar gani, kuma idan aka wuce kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu ba a sassauta ba, ganin na iya tafiya ba dawowa. Wani bincike da aka yi tsakanin likitocin wannan fanni a Amurka a 2004 ya nuna irin wannan zubar jini tana faruwa ga kusan mutum 1 cikin 2,000, makanta ta dindindin kuma kusan 1 cikin 22,000, kuma yawanci a cikin awa 24 na farko ne. Ya ba ni lambar da zan kira ko ƙarfe nawa ne, ya ce kada in kwana nesa da asibiti a daren farko.

Ranar aiki ba a sa ni barci ba. An ɗiga mini maganin kashe zafi, aka bi da allura a ƙasan kowane ido, wadda ita ce ta fi komai zafi a ranar. Sai aka zura mini wasu 'yan faifan ƙarfe masu santsi a kan ƙwayar ido, ƙarƙashin fata, duniya ta yi duhu ɗif. Na ƙarfe ake sawa saboda leza na iya huda na roba, kuma ɗigon haske ɗaya a baƙin ido ya isa ya bar tabo. Na ji nas tana jera jiƙaƙƙen bandeji a kewayen fuskata, na ji likita ya ce a tabbatar an rufe iskar oksijin, don ita da leza idan suka haɗu gobara ce. Sai ƙarar na'urar zuƙe hayaƙi, sai ƙauri. Wannan ƙaurin ba wanda ya gaya mini shi. Kamar gashi ya faɗa wuta, kuma ka san naka ne.

Yankan ban ji shi ba. Abin da na ji shi ne lokacin da yake janyo kitsen, wani nauyi can cikin kai, bayan ido, mai tayar da zuciya. Na ce masa zan yi amai, ya dakata, ya ƙara allura, ya ce in ja numfashi. Da ya gama ya cire faifan ya zaunar da ni, ya sa na kalli sama yana gwada dama da hagu, ya sake kwantar da ni ya ɗan ƙara ragewa a hagu. Bai yi ɗinki ba, ya ce wurin da kansa yake haɗewa. Na roƙa aka nuna mini abin da aka cire: 'yan gutsattsari a kan bandeji, duka ba su cika ƙaramin cokali ba, rawaya, na wajen hanci ya fi sauran haske. Shekara bakwai ina fama da abin da bai kai cokali ba. Aikin wajen, wato ƙona fata, kuma minti kaɗan ne, kamar tartsatsin wuta yana sauka a jere.

Da yamma na kalli agogon bango na ga biyu, ɗaya a saman ɗaya. An riga an gaya mini allurar na iya taɓa tsokar da ke juya ido na 'yan awoyi, amma an kuma gaya mini akwai wata tsoka da ta ratsa tsakanin ƙullin kitse na wajen hanci da na tsakiya, wadda idan aka ji mata rauni ganin biyu-biyun na iya zama. Daren nan ban runtsa ba. Filo uku a bayana, ƙanƙara a tsumma mai tsabta, an hana ni sunkuyawa, ɗaukar kaya, yunƙuri, har fyace hanci da ƙarfi. Duk bayan awa ɗaya maigida ya kunna fitila, in rufe ido ɗaya in ƙirga yatsunsa, in rufe ɗayan. Abin da aka ce mu lura da shi ciwo ne mai tsanani da ke ƙaruwa, ido ya turo waje ya yi tauri, ko gani ya dushe. Babu wanda ya faru. Da asuba agogo ya koma ɗaya, na yi hamdala.

Kwana na biyu da na uku kumburi ya kai maƙura, jini ya kwanta har kan kumatu, fatar da aka ƙona tana tsattsafo da ruwa ina bin ta da man da aka ba ni. Duk wannan na san da zuwansa. Na kwana huɗu ne ban shirya masa ba. Na tashi na ji idon hagu ya ƙi rufuwa daidai, na duba madubi na ga farin idon ya kumbura ya taso, wani abu mai ruwa-ruwa mai sheƙi ya leƙo ta gefen, har yana hawa kan gashin ido. Na ɗauka idon ne ke narkewa. Hannuna na rawa na kira lambar nan. Likita ya duba ya ce tantanin da ya lulluɓe farin ido ne ya tara ruwa, kuma yana yawan faruwa bayan aikin fatar ƙasa. Matsalarsa ita ce yana ciyar da kansa: ya kumbura ya hana ido rufuwa, rashin rufuwa ya busar da shi, bushewa ta ƙara kumbura shi. Aka ba ni maganin ɗigawa mai sitiyarod, sinadarin rage kumburi, da hawayen kwalba duk bayan awa biyu, da man da nake cika idon da shi da dare in manne shi da filasta. Sati uku ya ɗauka kafin ya kwanta, kuma sau biyu ana auna mini ƙarfin ruwan ido a tsakani, don sitiyarod na iya hawar da shi ga wasu mutane ba tare da sun ji komai ba.

A ɗaya daga cikin zuwan nan ne na zauna kusa da wani dattijo a wurin jira. An yi masa nasa a wani wuri dabam, ta waje, aka yanke fata fiye da kima. Fatar idonsa ta dama ta juye ta saki, jan cikin yana waje, hawaye na bin kumatunsa ba tsayawa, yana ta dangwalawa da hankici. Ya ce mini wata takwas ke nan, kuma yanzu sai an ɗebo fata daga bayan kunnensa an yi masa faci. Ni ma a lokacin fatar idona ta dama, wadda ta yi nawa ranar gwaji, ta ɗan ja ƙasa, har farin ido yana bayyana a ƙarƙashin baƙin, abin da ya sa nake kama da mai mamaki. Zafin leza yana tsuke fata, fatar da ta tsuke kuma ƙasa take jan ido. An koya mini tausa, in ɗora yatsa in tura sama in riƙe, sau da yawa a yini. A sati na shida ta koma mazauninta. Da ba ta koma ba, da sai an sake shiga ɗakin tiyata a ɗaure gefen.

Fatar waje kuwa da farko ta yi mini daɗin baki. Bayan kwana bakwai ɓawon ya zube, sabuwa ta fito sumul, ja-ja, ba tamoji ko ɗaya. Har hoto na ɗauka na tura wa Yaya, na rubuta mata cewa ga gira ga ido. A sati na huɗu sai na ga kamar inuwa. Na ce ko hasken ɗaki ne. Kafin sati na shida ƙasan idanuna biyu sun yi baƙi ƙirin, kuma baƙin ya bi sawun lezar daidai, da gefe a miƙe kamar an sa rula, har ana iya ganin ɗigo-ɗigon idan an matso. Ƙwayoyin da ke yi wa fata launi ne zafi ya fusata, suka yi ta zubo baƙi ba ƙaƙƙautawa. Ni ma na taimaka musu, don man kariya daga rana da aka ce in shafa kullum yana shiga mini ido yana yaji, sai na riƙa tsallake shi, ina cewa ai daga mota sai ofis.

Abokiyar aikin nan tawa ta sake jana gefe. Wannan karon ba ta yi raɗa ba, cewa ta yi in gaya mata gaskiya, duka na ake yi?

Likita bai ce ai na gaya miki ba, ko da yake ya isa ya faɗa. Ya haɗa ni da likitar fata, ta rubuta mini wani man rage baƙin fata da ake kira hydroquinone, mai kashi 4 cikin 100, ta ce wata uku kacal sannan a tsaya, don idan aka zarce da shi yana iya juyewa ya bar wani baƙi mai shuɗi-shuɗi da ba ya fita. Ta ja mini kunne a kan mayukan haske da ake haɗawa da sitiyarod, ta ce fatar ƙasan ido tana cikin mafi siranta a jiki, su kuma ƙara sirantar da ita suke yi. Ta canza mini man rana zuwa mai sinadarin zinc wanda ba ya yaji, ta ce ko a cikin gida kusa da taga in shafa, in ƙara da faffaɗan baƙin tabarau. Bayan wata ukun aka koma wani mai mai sauƙi. Baƙin bai tafi a rana ɗaya ba, ya riƙa kwashewa ne daga gefe zuwa tsakiya, a hankali ƙwarai, har sai da na daina duba madubi kullum na koma duba hoton wata-wata. Wata bakwai cif kafin in iya fita ba tare da na rufe wurin da hoda ba.

Yanzu wata 11 ke nan. Kumburin ya tafi, kuma ba zan yi ƙarya ba, ina jin daɗin fuskata da safe. A hagu, inda aka ƙara ragewa, akwai ɗan rami da ke fitowa idan haske ya sauko daga sama. Kitsen da aka cire ba ya tsirowa, sai dai a cike wurin da allura ko a ɗebo wani kitsen daga jiki, ni kuwa na ƙoshi da allura a ƙasan ido. Duhun ƙasan ido da nake da shi tun ƙuruciya yana nan yadda yake, don dama launin fatar ne, cire kitse ba ya taɓa shi. Bushewar ido ita ce ta zauna mini. Idan na daɗe a gaban kwamfuta ko fanka ta buga ni, sai in ji kamar an watsa mini yashi, sai kuma hawaye su ɓalle, wanda da farko ya ɗaure mini kai, ido a bushe kuma yana zubar da ruwa. Kwalbar ɗigawa ɗaya tana jaka, ɗaya a teburin ofis, ɗaya a gefen gado.

Aikin cikin, da za a mayar da ni baya, zan sake yi, a hannun likitan ido, bayan duk gwaje-gwajen nan. Na wajen ba zan yi ba. Tamojin da na ƙona fatata dominsu sun fara dawowa tun a wata na tara.

Saura zuwa asibiti ɗaya. Likitar fata ta ce akwai kishiyar baƙin, wato wurin ya yi fari fiye da sauran fuska, kuma shi ba ya gaggawa, yakan bayyana ne tsakanin wata shida zuwa shekara, idan ya zo kuma da wuya ya tafi. Ta ce irin lezar da aka yi mini ba ta cika kawo shi ba, amma tana so ta gani da idonta. Ranar Talata ta sama ne, ƙarfe 10, kuma ta ce in zo ba hoda.